Mama da Gadar Jirgi

Unguwarmu tana bakin Kafanchan ne, can inda gari yake ƙarewa. In ka baro tasha ka bi gefen layin dogo, ka wuce loko inda ake ɗura wa kawunan jirgi ruwa da gawayi, ka wuce gidajen ma'aikatan reluwe masu jan kwano da itatuwan mangwaro, sai ƙasa ta fara gangarawa zuwa kogi. A wannan gangaren muke. Mutanen gari suna ce mana Bakin Gada. Da yarenmu wurin yana da wani suna da ya girmi gadar nesa ba kusa ba, wanda yanzu ko jikokina ba su iya faɗinsa daidai.

Duk gangaren nan gonakin kakannina ne. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda aka tara suka yi ta jidar ƙasa da kwando lokacin da ake cike kwari don a shimfiɗa dogo, kuma har ya mutu bai taɓa shiga jirgi ba, wai shi ya san abin da ke kwance ƙarƙashin layin. Ina ƙarama gidaje bakwai ne kawai a wurin, duk dangi. Bayan yaƙin basasa sai baƙi suka fara sauka: sojojin da aka sallama, tsofaffin ma'aikatan reluwe da ba su son komawa garuruwansu, malaman makaranta, masu sayen citta daga Kwoi da ke neman ɗaki kusa da tasha. Kowa ya zo ya gai da dattawa da tulun burkutu, a nuna masa fili, a dasa cini-da-zugu a iyaka, shi ke nan. Kafin mu farga, inda muke tonon gwaza ya zama shagon tela, inda ake sussukar acca ya zama injin niƙa. Ba na jin haushin kowa. Dattawanmu ne suka bayar, da hannunsu, suna dariya.

Abin da ya rage wa gidanmu gona ɗaya ce, a ƙetaren kogi. Baba ya rasu ina kwalejin horon malamai. Yayyena maza biyu, ɗaya yana aiki a Kaduna, ɗaya a Jos. Ni ce auta. Da na gama aka ba ni aji a firamaren mishan da ke kan tudu, na dawo gida, muka zauna mu biyu da Mama, ni da alli, ita da fartanya.

Da rani kogin nan ba kome ba ne, ka tattare zani ka taka. Amma daga ruwa ya zauna har zuwa kaka, sai ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa da gawar awaki. Gadar mota tana can nesa, tafiyar kusan awa biyu zuwa, biyu dawowa. Saboda haka kowa gadar jirgi yake bi, duk da allon da aka kafa an ce an hana. Gadar ba ta da abin dafawa. Katakai ne a jere waɗanda aka ɗora dogo a kai, tsakanin kowane biyu kana hango ruwa yana gudu can ƙasa. A tsakiya akwai wani ɗan dandamalin ƙarfe da ya fito gefe, inda leburorin layi ke raɓewa in jirgi ya same su a kai. Mutum biyu zai ɗauka, in suna shiri da juna.

Iyayenmu mata na wancan zamani ba a ka suke ɗaukar kaya ba. A doron wuya suke ɗora kwando, su sunkuyar da kai, su riƙe da hannu. Wadda ta ɗauko doya haka ta hau gada ba ta da halin waiwaye, ƙafarta kawai take kallo. Ga shi ta ɓangaren gona layin ya kewayo ne ta bayan wani tsauni, ta ɓangaren gari kuma mangwarorin reluwe sun rufe shi. Ba ka ganin jirgi sai ya zo kanka. Don haka kafin a taka katakon farko kowa yana da yadda yake bincikawa. Waɗansu su kasa kunne, waɗansu su ɗora tafin ƙafa a kan dogo su ji ko yana rawa. Mama kuwa sama take kallo.

Jirgin fasinja an san ranakunsa, kuma Mama ta mai da su ranakun kasuwa da wanki, ba ta zuwa gona. Jirgin kaya ne ba shi da lokaci. Amma a shekarun nan duk jirgin kaya kan gawayi ke jansa, kuma tun yana bayan tsauni hayaƙinsa yake tashi baƙi ƙirin ya tokare sama. Mama takan tsaya a bakin gada, ta juya jikinta gaba ɗaya ta dubi saman tsauni, ta sake juyawa ta dubi saman mangwarori. In sama tana wasai, sai ta hau. Mata har yabon idonta suke yi. In ta ce babu, to babu, sai su bi bayanta a jere.

Na fi shekara guda a gida kafin na gane, ni mai takardar malanta! Wata ranar da yamma tana zaune a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga acca, ta ba ɗakin girki baya. Na fito da kwanuka niƙi-niƙi, ƙafata ta zame a kan gansakuka, duk suka watse a kan dutsen wanki. Kaji suka tashi, jaririn maƙwabta ya tsandara kuka. Mama ko kafaɗarta ba ta motsa ba.

Na tsaya da murfin kwano a hannu. Na ce, "Mama." Shiru. Na ɗaga murya. Na uku har maƙogwarona ya yi zafi. Sai da na zagayo inuwata ta faɗi a kan faifanta ta ɗago, kuma ba idona ta duba ba, bakina ta duba.

Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini. Tun da na dawo gida ta kafa mini doka, wai rashin tarbiyya ne a yi wa babba magana daga nesa, in ina da magana in zo gabanta in durƙusa. Na ɗauka tsufa ne da son girma. Ashe leɓena take karantawa. Na zauna a ƙasa na ce, "Mama, tun yaushe?"

Da farko ta ce wai hankalinta ne ya yi nisa. Na ce ta daina, ni ba yarinya ba ce. Ta daɗe tana juya acca kafin ta faɗa mini, da yarenmu, a hankali. Shekarar da Baba ya rasu ta yi wani zazzaɓi mai tsanani, kunnuwanta suka yi ta ƙara, da ƙarar ta tafi sai ta tafi da jin. Na hagu ya mutu sarai. Na dama yana kama tsawa da abin da ya yi kama da ita.

Na ce, "To me ya sa kika ɓoye? Ciwo ne fa, ba sata ba."

Ta ce, "Kin taɓa ganin yadda ake yi da kurma a unguwar nan? A yi maganarsa yana zaune. A yi masa ihu a fuska kamar jaki. Yara su bi shi da dariya." Sai ta nuna kusurwar ɗaki da haɓa, inda tukunyar kiɗanta take. Mama ce take buga tukunya a zumuntar mata ta ikilisiyarmu tun kafin a haife ni, ita ke riƙe wa mata tsarin waƙa, kuma har lokacin ba ta taɓa kuskure ba, don a tafin hannunta take jin bugun. Ta kama wuyan hannuna ta matse, hannun mai noma, har na ji ƙashi. Ta ce, "Kada bakinki ya fitar da shi waje. Ki yi mini alkawari." Na yi mata. Allah ya sani da zuciya ɗaya na yi.

Maƙwabcinmu na hannun dama wani dattijo ne daga Binuwai, ya ƙare aikinsa yana zuba wa jirgi gawayi, har ya tsufa tarinsa baƙi ne. Kullum da yamma yana kan kujerar katako a ƙofar gida yana sauraron loko kamar mai sauraron rediyo. A Hausarsa kowa namiji ne. Wata ranar ina dawowa daga makaranta ya kira ni.

"Malama, ka ji abin da ake yi a loko? Suna kwantar da kawunan gawayi ɗaya-ɗaya. Je ka duba bayan rumfar loko, har ciyawa ya fara fita a ƙarƙashinsu."

Na ce ai na ji mata masu tsintar gawayi a gefen layi suna kukan abin ya ragu.

Ya ce, "Zai ƙare ma. Kayan ma yanzu mai shan gas zai ja. Shi wannan ba ya tari, ba ya hayaƙi. Sai dai ka gan shi a gabanka." Ya yi tsaki, shi baƙin cikinsa na aikinsa ne da ake binnewa. Ni kuwa Mama da gada ne suka faɗo mini a rai. Ban ko yi masa sallama ba na shige gida.

Na durƙusa gaban Mama na faɗa mata, ina buɗe baki sosai don kada kalma ɗaya ta wuce ta. Ta saurare ni da idonta har na gama, sannan ta ce, "Jirgin da ba ya hayaƙi, me yake ci?" Na ce mai yake sha, hayaƙinsa ɗan siriri ne, ba ya ko kai rabin tsauni. Ta ce shekara talatin tana hawa gadar nan, da cikina ma ta hau ta, ba yau za a koya mata jirgi ba. Na ce to ta riƙa bin sauran mata. Ta ce su sai rana ta take suke fita, ita gonarta ba ta jiran masu shan koko. Na ce ta bi gadar mota. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ɗauko mata sababbin gwiwoyi daga makarantarmu.

Ni ma fa ba baya ba ce wajen baki. Na ce mata acca ba ta kai rai ba, albashina zai ciyar da mu. Kai, da na sani ban faɗi haka ba. Ta ce gonar nan ita kaɗai ta rage daga duk abin da uban mijinta ya bari, ranar da aka ga ciyawa ta rufe ta, ranar wani zai zo da tulun burkutu wajen dattawa. Kuma gaskiya ta faɗa, shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Na rubuta wa yayyena wasiƙa. Alkawari ya ɗaure ni, don haka na ce dai Mama ta tsufa, gada tana da haɗari, su yi mata magana. Na Kaduna ya amsa cewa mu dage da addu'a. Na Jos ya ce zai zo da Kirsimeti mu zauna. Kirsimeti! Sai ka ce jirgin zai tsaya ya jira shi.

Ana cikin haka jirgi ya buge saniyar wani Bafulatani a bakin gada ta ƙetare. Waɗanda suka gani suka ce ba su ji kome ba sai odar jirgi sau ɗaya, sai ga abu shuɗi ya fito daga bayan tsauni. Unguwa ta ci nama kwana biyu. Mama ta dafa namu kason da gauta, ta ce saniya ai ba ta da hankali. Ni ko tsoka ɗaya ban iya haɗiyewa ba.

Ajina yana kan tudu, tagarsa tana kallon kogi, ana hango gadar kamar tsani a kwance. Na koma koyarwa da ido ɗaya a allo, ɗaya a taga. In na ji oda daga nesa sai alli ya karye a hannuna. Yara suka gane, da jirgi ya yi kuka sai duk aji su juya su dube ni. Hedimasta ya kira ni ofis ya tambaya ko saurayi nake jira a jirgi. Na yi dariyar dole na fito. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda yake hana abinci zama a ciki, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Ranar Asabar ba makaranta, sai na riƙa bin ta gona. Wata Asabar wajen ƙarshen damina muka taso daga gona da wuri, wajen ƙarfe uku na rana, ita da kwandon sabuwar doya a wuya, ni da daron masara a ka. Ruwa ya kwana yana zuba a kan tudu, kogi ya cika yana ruri. A bakin gada Mama ta yi yadda ta saba, ta juya ta dubi saman tsauni, ta juya ta dubi saman mangwarori. Sama fes. Ni na kasa kunne, ba na jin kome sai ruwa. Ta hau, na bi ta.

Mun yi nisa kaɗan, ba mu kai tsakiya ba, sai na ji katako yana kaɗawa ƙarƙashin ƙafata, wata irin rawa ƙanana-ƙanana. Kafin in gama tambayar kaina, oda ta tashi a bayanmu.

Na ƙwalla, "Mama!" Ni da na fi kowa sani, na ƙwalla. Tana tafiyarta, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Ba wurin da zan wuce ta, in kuma na ja ta ta baya da nauyin nan duk mu biyu za mu tafi. Na ture daron daga kaina ya faɗa ruwa. Na tsallake katakai biyu-biyu, ban san yadda ƙafata ba ta zurma ba, na sa hannu biyu na hankaɗe kwandon daga wuyanta. Ta juyo a fusace za ta zage ni, sai ta hango abin da ke bayana. Na cafki damtsenta na ja. Dandamalin ƙarfen yana gabanmu da kamar taku goma. Na tura ta ciki na faɗa kanta, na rungume ta da ƙarfen gaba ɗaya.

Ya wuce mu da zafi da warin mai. Gadar duka tana girgiza, haƙorana suna haɗuwa. Taragu suka yi ta wucewa, suka yi ta wucewa, na ce yau ba za su ƙare ba. Ina ta cewa Yesu, Yesu, ban iya haɗa wata addu'a ba. Da na ƙarshe ya wuce na ɗago, sai na ga Mama ba jirgin take kallo ba. Sama take dubawa, can saman tsauni, tana neman abin da ya kamata a ce ta gani.

Da rarrafe muka ƙarasa. A bakin kogi ta zauna a kan dutse, zaninta a jiƙe, na kau da kai kamar ban gani ba. Na ɗauka magana ta ƙare, ta gani da idonta. Da ta sami numfashi abin da ta fara cewa shi ne, "Doyar nan ita ce ta fari." Sannan ta ce, "Ba wanda ya gan mu. Ki tuna alkawarinki."

Ran Lahadi ta buga tukunyarta a sujada kamar ba abin da ya faru. Ran Litinin na bar ta a gida tana shara, har na fara gode wa Ubangiji. Muna cikin lissafi na dubi taga, sai ga farin ɗankwalinta a bakin gada, da kwandon aro. Ta daɗe tana kallon sama, ta fi kullum daɗewa, ta juya nan ta juya can, ta sake juyawa. Sannan ta hau. Acca ta nuna, in ba a yanke ta cikin mako ba za ta zube, na san wannan. Na tsaya a taga na riƙe numfashi har ta sauka a ƙetare. Yara arba'in suna bayana ba wanda ya yi tari.

Haka ta yi Talata. Laraba ranar fasinja ce, ta zauna gida. Alhamis da safe ta sake hayewa, ta dawo da rana don ta yi shirin zumunta. Ni kuwa zuwa lokacin tsoron ya juye ya zama fushi. Na ce a raina, wato ni ce zan tsaya a taga in kalli yadda za a kwashe uwata da cebur, don kada a ce ba ta ji? Ina!

Zumuntar mata ta matan aure ce, budurwa ba ta da wurin zama a ciki. Da na shiga majami'a da ƙarfe huɗu da kayan makaranta a jikina, kawuna suka ɗago. Mata sun kai hamsin, duk da zanin zumunta iri ɗaya. Mama tana bencin gaba da tukunyarta tsakanin gwiwoyi, ta ba ƙofa baya. An gama waƙa, matar Fasto ta tambaya ko akwai mai roƙon addu'a. Wata ta ce ɗanta yana neman aiki. Wata ta ce mijinta ya koma shan giya. Sai na ɗaga hannu daga baya.

Matar Fasto ta ce, "Malama, lafiya?"

Na ce, "Iyayena, ku yi wa Mama addu'a. Ba ta ji. Shekara huɗu ke nan ba ta ji. Hayaƙi take dubawa ta hau gada, kuma jirgin yanzu ba ya hayaƙi. Ran Asabar saura kaɗan ya niƙe mu."

 Wata tsohuwa, ƙawar Mama tun suna amare, ta ce, "Haba 'yata, wace irin magana ce wannan? Yanzu fa ta gama buga mana kiɗa."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma bakina ya riga ya buɗe. Na ce, "In kuna shakka, ga ta nan. Ku kira ta."

Matar Fasto tana tsaye a gefe. Ta kira Mama a hankali. Ta sake kira da ƙarfi. Mama tana zaune tana goge bakin tukunya da gefen zani, da ɗan murmushinta na wadda ta buga waƙa daidai. Mata hamsin suna kallon bayanta. Sai ta ɗago ta ga ta kusa da ita ta zuba mata ido, ta dubi ta gaba, ita ma haka. Murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai je ba. Ta juya a hankali, ta bi idanun mutane har ta iso kaina, ina tsaye a bakin ƙofa. 

Matan nan sun yi abin kirki, ba zan ci amanarsu ba. Ran Asabar suka yi gayya, su ashirin da wani abu, suka bi ta gadar mota suka yanke accar Mama tas, suka sussuka suka kawo har gida. Dattawan ikilisiya suka zauna, aka ba ƙanen Baba gonar ya riƙa nomawa, shi yana da keke. Aka sa ido a unguwa, in Mama ta doshi hanyar kogi sai wata ta fito ta tare ta da hira. Sau biyu ta gwada, ba ta sake ba.

Sauran kuma duk ya zo yadda ta faɗa. Mutanen da jiya suke hira da ita lafiya lau, yau sai su kafa baki a kunnenta suna ihu, suna yi mata nuni da hannu kamar ba ta san Hausa ba. A gabanta ake tambayata ko ta ci abinci. Tukunya ta yi wata biyu a hannunta, sai aka fara cewa wai tana saurin bugu. Shekara huɗu tana bugawa a haka ba wanda ya ji saurin, sai yanzu. Aka ce ta huta, aka ba wata yarinya mai jego. Mama da kanta ta kai mata tukunyar gida.

A yammacin ranar Alhamis ɗin nan, da muka dawo, na same ta a bakin murhu tana hura wuta. Na zo gabanta na durƙusa, na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki bari in yi miki bayani." Ta juya fuskarta wajen bango. Na zagaya na sake durƙusawa. Ta rufe ido. Na zauna ina magana, ina kuka, ina rantsuwa, har tuwo ya nuna. Ta tuƙa, ta kwashe, ta ajiye mini nawa a gabana, da miya mai yawa yadda nake so.

Na ce fushi ne, zai wuce. Damina ta gaba jirgi ya kashe wata mata daga ƙetare a kan gadar, mace mai kunne lafiya lau. Ni da wautata har da gudu na zo gida in gaya wa Mama, don ta ga ina da gaskiya. Na tsaya gabanta, ta rufe ido. Sai maƙwabciya ce ta ba ta labarin, ta dubi bakinta har ta gama, ta ce Allah ya ba iyalanta haƙuri.

Shekara goma sha biyu ta ƙara a duniya. Da na yi aure ita ta shirya mini kaya, da na haihu ita ta yi mini wankan jego, duk 'ya'yana a bayanta suka yi barci. Takan yi mini magana, ta ce in ƙara gishiri, ta ce in rufe wa yaro kai. Tana duban bakin mijina, tana duban bakin yayyena in sun zo Kirsimeti, har bakin mai tallar kananzir tana dubawa. In ina da abin faɗa mata, sai in gaya wa babbar 'yata, ita ta je gabanta ta faɗa. Ta rasu a kan gadonta, da rani, da jikinta cikakke, muka wanke ta muka sa mata zanin zumunta. Abin da na nema ke nan, kuma na samu. In aka mai da ni ƙofar majami'ar nan yau, zan sake ɗaga hannu.

Haƙuri kuwa na ba ta ya fi a ƙirga. Tana tsefe wa 'yata kai na ba ta, tana wanke-wanke na ba ta, ranar da jikinta ya yi tsanani ina goge mata baya na ba ta. Ko ɗaya ba ta gani ba.